Mai Hoto da Tuwonsa: Tarihin Sana'ar da Zamani Ke Ta Gutsura

Ƴan uwa ɗalibai, in kun koma gida yau ku roƙi inna ko kaka ta buɗe muku akwatinta. Can ƙarƙashin zannuwa, da wuya ku rasa wata tsohuwar ambulan mai ɗauke da hotuna. Wani baƙi da fari ne, gefensa ya yi ja. Wani na kala ne amma ya koɗe. Za ku ga baba yana saurayi, ya tsaya gaban labule mai zanen bene, ya ɗora hannu kan rediyon da ba tasa ba. In kun juya bayan hoton, wani lokaci za ku tarar da tambarin sutudiyo. Mutumin da ya buga wannan tambari, da hoton nan ya sayi hatsi, ya biya haya, ya yi wa ƴaƴansa ɗinkin Salla. To ina yake yau? Me ya sa ɗansa bai gaje shi ba, ko in ya gaje shi, me ya sa yake haɗawa da cajin salula da buga takardu?

Amsar da muke saurin bayarwa ita ce: salula ta kashe sana'ar. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce dukan gaskiya ba. In muka bi tarihi za mu ga cewa mai hoto a ƙasashenmu bai taɓa cin abinci da kyan hoto kaɗai ba. Abin da ya ciyar da shi shi ne aikin da mutane ba su iya yi wa kansu. Duk lokacin da wata sabuwar na'ura ta sauƙaƙa wani sashe na wannan aiki, sai a gutsure masa tuwo. Salula gutsura ta baya-bayan nan ce kawai.

Na'urar baƙi

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris. Ba a jima ba na'urar ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma cikin jiragen ruwa. Ɗaya daga cikin na farko da suka mai da ita sana'a a nan shi ne Augustus Washington, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya yi ƙaura zuwa Laberiya a 1853 ya buɗe sutudiyo a Monrobiya. Ya ɗauki manyan ƙasar, ya yi yawon aiki har Saliyo da Gambiya da Senegal. Ku saurari ƙarshen labarin, don mu ƴan Matameye zai ba mu dariya: bayan ƴan shekaru ya ajiye kyamara ya koma noman rake a bakin kogi, don ya ga nan ne arziki yake. Ashe tun ranar farko rake ya fi hoto tabbas.

A Najeriya, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny da aka haifa a 1873, yana cikin ƴan ƙasa na farko da suka rayu da kyamara. Shi ya ɗauki sanannen hoton Sarkin Bini, Ovonramwen, a 1897, bayan Turawan Ingila sun ci garinsa sun kama shi. Manyan masu sayen aikinsa Turawan mulki ne da ƴan kasuwarsu, sai kuma sarakunan yankin. Wato tun farko mai hoto yana bin inda kuɗi da mulki suke.

Mu nan Damagaram, kyamara ta shigo ne tare da bindiga. Sojojin Faransa sun ci Zinder a 1899, kuma hafsoshinsu da masu rakiyarsu ne suka fara ɗaukar ganuwa da kasuwa da fada. Henri Gaden, wani hafsa da ya zauna Zinder a farkon shekarun 1900, ya bar hotuna masu yawa da suke ajiye yau a Faransa. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën da ya ratsa Afirka ya biyo ta Tasawa da Zinder, da masu ɗaukar hoto da na silima a ciki. A duk wannan zamani kakanninmu abin ɗauka ne, ba masu ɗauka ba. Hoton ya tafi Turai, an buga shi a littafi ko a katin gaisuwa, wanda aka ɗauka bai ko gan shi ba.

Ranar da gwamnati ta nemi fuskar kowa

Abin da ya mai da hoto sana'ar talaka shi ne takarda. Daga wajen shekarun 1950, musamman bayan samun ƴancin kai a 1960, hukuma ta soma neman fuskar mutum a kan komai: katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi, dosiyen jarrabawa, takardar ɗaukar soja, fasfon zuwa Makka. Manomin da bai taɓa sha'awar ganin kansa a kati ba, dole ya zo ya zauna gaban na'ura. Wannan ita ce kasuwar da ba ta mutuwa, don ba sha'awa ke kawo mutum ba, tilas ce.

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara buɗe sutudiyo a garuruwan Sahel baƙi ne daga kudu: Yarbawa, da mutanen Togo da Dahomey da Gana. Wata mai bincike, Erika Nimis, ta rubuta littafi guda a 2005 kan yadda masu hoto Yarbawa suka bazu a Afirka ta Yamma, har da Yamai. Suna zuwa da sana'ar da tsarin koyonta: yaro ya yi shekaru yana shara, yana riƙe fitila, yana wanke kwanonin magani, kafin maigida ya yaye shi. Ta hannun irin waɗannan iyayen gida ne ƴaƴan Hausawa da yawa suka koya.

A bakin kasuwa da ƙofar ofis kuma akwai mai akwatin katako mai ƙafa uku. Akwatin nan kyamara ne kuma ɗakin duhu ne. Mai hoto ya buɗe murfin gilashi ya ƙirga a ransa ya rufe, ya zura hannu ciki ya wanke takardar a ƴan kwanoni, ya sake ɗaukar hoton wannan takarda don baƙi ya koma fari. Kafin ka gama cin goro an miƙo maka fuskarka da ɗanshi. Ba ya buƙatar wutar lantarki, rana ce fitilarsa. A arewacin Kodebuwa, wani mai hoto ɗan asalin Togo, Cornélius Augustt Azaglo, wanda ya zauna Korhogo, a kan keke yake bin ƙauyuka cikin shekarun 1960, ya rataya ƙyalle a bangon ƙasa, mutane su yi layi yana ɗaukar su hoton katin shaida.

Bayan tilas sai sha'awa ta biyo. Ranar Salla, ranar suna, ranar da aka sayi sabon keke, sai a tafi sutudiyo. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe nasa a 1948, yana da agogo da rediyo da babur na aro don wanda ke son ya fito kamar mai hali. Malick Sidibé ya bi samari da ƴan mata wuraren rawa, ya kwana yana wanki, da safe ya baje hotuna kowa ya zo ya zaɓi nasa. A Yamai muna da namu: Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940, ya zo birnin a 1959, ya buɗe sutudiyon da ake kira Photo Souvenir. Ya ɗauki daren Yamai na shekarun 1960 da farkon 1970, mawaƙa da ma'aikata da sojoji da masu rawa.

Me ya sa wannan zamani ya yi wa mai hoto daɗi? Don duka aikin yana hannunsa. Shi ke ɗauka, shi ke haɗa magani, shi ke wankewa a ɗakin duhu, shi ke ajiye kilishe (ba kilishin nama ba, baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa). In kana son ƙarin kati bayan shekara, dole ka koma wurinsa ka sake biya. Sirrin sana'ar yana cikin ɗakin da ba kowa ke shiga ba.

Kala ta zo, ɗakin duhu ya rufe

Gutsura ta farko mai zafi ta zo a shekarun 1980, lokacin da hoton kala ya yi arha. Wankin kala ba aikin kwano da jar fitila ba ne. Sai da babban inji mai tsada, wanda ƙaramin mai sutudiyo ba zai iya saye ba. Masu jari, cikinsu har da ƴan Koriya a wasu biranen bakin teku, suka kafa labo a manyan garuruwa. Daga nan mai hoto ya zama mai kai fim kawai. Rabin aikinsa, kuma rabin ribarsa, ya koma aljihun mai labo.

Ku duba abin da wannan ke nufi ga mai hoto a gari kamar namu. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka. Ba za ka kai shi wanki ba sai ya cika, in ba haka ba ka yi asara. In ya cika, sai ka shiga mota zuwa Zinder, ko ka ƙetara ta Ɗan Barto da Daura zuwa Kano, wadda ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, ko kuma ka ba direba saƙo kana addu'a. Kuɗin mota a kanka, kuɗin wanki a kanka, tun kafin ka karɓi ko dala daga mai hoton. In zafi ya ɓata fim, ko haske ya shige shi, bikin mutane ya tafi ke nan, ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya gyara kuskurensa. Daga nan ne zolayar nan ta samo asali, ta cewa mai hoto ya haska maka fitila alhali ba fim a ciki.

Kala ta kuma buɗe ƙofa ga kowa. Tunda inji ke wanki, duk wanda ya samu ƙaramar kyamara ya iya danna maɓalli ya zama mai hoto. Matasa marasa aiki suka cika wuraren biki, ba haya, ba patanti, suna karya farashi. Ba laifinsu ba ne, su ma tuwo suke nema. Amma wanda ya yi shekara biyar yana koyon haske da inuwa ya wayi gari farashinsa ɗaya da na wanda ya fara jiya. Malick Sidibé da kansa, a waɗannan shekaru, gyaran kyamarori ya koma yi a shagonsa.

Sai kuma 1994. A watan Janairu na shekarar aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan da ake sayowa faran 100, wato jika biyar, ya koma jika goma dare ɗaya. Fim, takardar hoto, magani, batir, fitila, babu ko ɗaya da ake yi a Nijar. Shi kuwa mai zuwa ɗaukar hoto aljihunsa bai ninka ba. In mai hoto ya ninka farashi, mutane su gudu. In bai ninka ba, ya ci uwar kuɗi. Wannan ita ce matsalar da ba ta taɓa barin sana'ar ba: kayan aiki da kuɗin waje, ciniki da kuɗin talaka.

Philippe Koudjina bai tsira daga waɗannan sauye-sauye ba. Bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 daren Yamai ya yi sanyi, kala ta zo ta ƙarasa sauran. Ciwon ido ya kama shi, ya ƙare rayuwarsa cikin talauci, ya rasu a 2014, alhali ana nuna hotunansa a ƙasashen waje. Mutumin da ya ajiye wa Yamai fuskarta ta ƙuruciya, Yamai ba ta ajiye masa komai ba.

Na kowa da kowa

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Abin mamaki, wannan dabara ce ta ci kamfanin: a watan Janairun 2012 Kodak ya bayyana cewa ya karye. In giwa ta faɗi haka, ina ga mai shago ɗaya a bakin tasha?

Da farko kyamarar zamani ta yi wa masu hoto rana. Ba sayen fim, ba jiran ya cika, kana ganin hoton nan take, in bai yi ba ka goge. Wanda ya samu kwamfuta da ƙaramin injin bugawa ya dawo da wanki shagonsa. Har sabuwar kasuwa ta buɗe: a ɗauke ka a Matameye a sanya ka gaban Ka'aba ko kusa da tauraron fim ɗin Kano. Amma daɗin bai daɗe ba. Salula ta shigo Nijar a wajen 2001, bayan ƴan shekaru ta zo da kyamara a jikinta, sannan Tecno da itel suka sa ta a hannun ɗan acaba da mai sayar da rake. Hoto ya daina zama kati, ya zama abin turawa ta WhatsApp. Ranar Salla da a da ake layi a ƙofar sutudiyo har dare, yanzu kowa ya miƙa hannu ya ɗauki kansa.

Ita ma kasuwar tilas ta fara zaizayewa. A rajistar masu zaɓe ta zamani da hukumar CENI ta yi kafin zaɓen 2020, na'urar ma'aikacin ce ke ɗaukar fuska da zanen yatsu a wurin. Fasfo ma haka ake yi. Duk takardar da ta koma wannan tsari, mai hoto ya rasa layin mutanen da a da ke zuwa da ƙafarsu. Abin da ya rage masa shi ne irin namu: hotunan dosiyen BEPC da Bak, da na neman aiki. Shi ya sa za ku ga fuskar mai sutudiyo ta washe lokacin ajiye dosiye.

Lissafin yau

Wanda ya riƙe sana'ar yau yana fama da abubuwa huɗu. Na farko jari: kyamara mai kyau, gilasanta, fitila, kwamfuta, duk na waje ne, ga ƙurar hunturu da zafin bazara masu cin na'ura. In ta lalace, mai gyara yana nesa. Na biyu wuta. Kafin tsakiyar 2023, mafi yawan lantarkin da Nijar ke sha daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke layin, aka rufe iyaka, tsawon watanni. Mai hoton da injinsa ke son wuta, takardarsa da tawadarsa kuma ke zuwa daga Kano, an ɗaure shi hannu da ƙafa kan rikicin da ba shi ya haɗa ba. Na uku lokaci: bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, in rumbu ya cika. Da damina, ko shekarar da hatsi bai yi ba, hoto na cikin abin da ake fara yankewa, don ba a cin sa.

Na huɗu kuwa mu ne. Mu nawa muka taɓa ce wa abokinmu mai kyamara, “Don Allah ɗan ɗauke ni, ai dannawa ce kawai”? Mu nawa muka sa aka buga hoton biki muka ƙi zuwa karɓa, ya rage a bango rana na cinsa? A wurin biki ana biyan makaɗi, ana biyan mai rumfa da mai kujeru, mai hoto sai a ce masa “bayan biki”. Ya kwana yana gyara, ya tura, a sa a Facebook ba ko sunansa. Ga kuma kallon da wasu ke yi wa aikin, na cewa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, ko saɓanin da ke tsakanin malamai kan hukuncin hoto, wanda ya sa wasu gidaje ba sa buɗe wa namiji mai kyamara ƙofa. Wannan gaɓa ta ƙarshe, in an lura, dama ce ga ƴan uwanmu mata: cikin gida wurin ƙunshi da kamu, inda namiji ba ya shiga, mace mai kyamara ba ta da abokin takara.

Abin da ba a gutsura ba

In mun tattara tarihin, kowane zamani ya ƙwace wa mai hoto abu ɗaya. Labo ya ƙwace ɗakin duhu. Karyewar sefa ta ƙwace riba. Salula ta ƙwace na'ura. Rajistar zamani tana ƙwace layin tilas. Saura abu uku da inji bai iya ɗauka ba tukuna: ido, amana, da ajiya. Ido shi ne sanin inda za a tsaya da lokacin da za a danna. Amana ita ce a shigar da kai cikin iyali, hoton amarya bai fita inda ba a so ba. Duk wanda cikinmu ke tunanin shiga sana'ar, kada ya yi lissafi da cewa yana da kyamara, kowa na da ita. Ya yi lissafi da waɗannan, ya koyi bidiyo da gyara, ya karɓi rabin kuɗi kafin aiki, kuma kada ya saki wata sana'ar da ke hannunsa.

Ajiya kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Seydou Keïta ya adana kilishensa dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka biyo sawu har Bamako aka same shi, kafin rasuwarsa a 2001 duniya ta san shi. Tun 1994 Bamako ke karɓar babban taron masu hoton Afirka. A 2007 aka ba Malick Sidibé babbar lambar girmamawa ta bikin fasaha na Venise. Ba sabuwar kyamara ta kai su can ba, tsofaffin akwatuna ne da ba su zubar ba.

Mu fa? Hoton da ke cikin salula yana mutuwa ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Kakanmu da ya ɗauki hoto uku a rayuwarsa, ukun suna nan. Mu da muke ɗaukar ɗari a wata, wa ya tabbata jikokinmu za su ga ko ɗaya? Kuma a cikin garin nan da Kance da ƙauyukan kewaye, akwai tsofaffin masu hoto ko magadansu da ke da kwalaye cike da fuskokin mutanenmu, gara da ɗanshi na aikinsu a kai.

Shawarata ga ƙungiyarmu ƙarama ce. A hutun nan kowa ya nemi tsohon mai hoto ɗaya a unguwarsu, ya gaishe shi, ya zauna ya ji labarinsa ya rubuta: wa ya koya masa, ina yake kai wanki, yaushe ciniki ya fara ja baya. Da izininsa da na masu hoton, mu kwafi abin da ya rage, mu rubuta suna da shekara a bayan kowane. Sannan in mun sa mai hoto aiki, mu biya shi a ranar, kamar yadda muke biyan tela. A zamanin Gaden sai an je Faransa ake ganin Damagaram ta jiya. Kada mu bari jikokinmu su rasa inda za su je su ga Matameye ta yau.

Allah Ya sa wa sana'ar kowa albarka.